Duwatsun Murhun Inna

Ranar da likita ya ce Inna ta rabu da hayaƙi, ni ce kaina ya fara ciwo, don na san wadda zan koma gida da ita. Ya kara abin awonsa a bayanta ya ce ta ja numfashi. Ta ja, ƙirjin ya yi wata ƙara da har ni da ke gefe na ji. Ya tambaye ta da me take girki, ta ce da wuta mana, da me ake yi? Ya yi dariya, ni ban yi ba. Ya juyo wajena ya ce ban da itace daga yau, gawayin ma in da hali a nisanta ta da shi. Ya ce sarƙewar numfashin da ta kawo mu ba ita ce ta ƙarshe ba, kuma duk lokacin da ta taso kada mu tsaya jiƙe-jiƙe, a kawo ta asibiti da sauri.

A cikin keke napep, muna hanyar komawa Bulumkutu, Inna ta riƙe maganin shaƙarta da yatsa biyu tana duban titi. Sai da muka kusa gida ta ce yaron yana da kirki, amma bai san girki ba.

Inna mahaifiyata ce, kuma ni ce 'yarta ta fari, shi ya sa ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" take ce min, in kuma ranta ya ɓaci ta ce "'yar nan". A ruga aka haife ta, a ruga ta haife ni. Da Baffa, mahaifina, ya rasu aka mayar da ragowar shanun wajen Kawu, ƙanenta, ita kuma ta zo ta zauna da ni da maigidana. Shi dillali ne a kasuwar shanu, ni ina koyarwa a firamare. Kayan da ta zo da su ba su da yawa: ƙorai a cikin raga, tukwanen ƙarfe masu zagayayyen gindi, da duwatsu uku da sai da maza biyu suka sauke su daga mota.

Wanda bai san ƙasarmu ba zai yi mamakin a ɗauko dutse daga wani gari. Nan yashi ne da yumɓu, kana iya yawo har ka gaji ba ka samu dutsen da za ka jefi akuya da shi ba. Mata da bulo suke haɗa murhu, ya fashe su sake. Na Inna kuwa daga tsaunukan kudu ta ɗauko su tun tana amarya, duk inda aka yi ƙaura a bayan takarkari suke tafiya. Sun yi baƙi sun yi sulɓi, kowanne ta san fuskar da yake zama da ita. A gidanmu ta kafa su a kusurwar tsakar gida, ta hura wuta, kuma tun daga ranar wutar ba ta mutu ba. In ta gama girki sai ta tara garwashin ta rufe da toka, da safe ta tona ta sa kara ta hura. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa Babarbariya da muke kira Hajja, kullum da hantsi sai ta shigo da kaskonta ta ɗebi garwashin turare, su zauna su yi hira da Hausar da ba ta ishi ko ɗayansu ba.

Na bari sai da aka ci abinci sannan na tayar da maganar. Na ce ta huta hakanan, ni zan riƙa girkawa kafin in fita, in na dawo in ɗora na dare.

"In kin kashe min wuta, me na zauna yi?" in ji ta. "In miƙe ƙafa a kawo min kwano kamar wadda ta zo gaisuwa? Kawunki zai shigo da shanu kafin ruwa ya sauka. Sai in bi shi."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma abin da ya ba ni tsoro ke nan, don Inna ba ta barazana. Na san inda Kawu yake zaune. Tafiya ce mai nisa a hanyar da ba a binta bayan la'asar, babu asibiti, babu ko mai allura. Matarsa da itace take girki a cikin bukka. In numfashin Inna ya sarƙe a can, kafin a samu mota an gama. Daga wannan ranar na fahimci cewa zamanta a gidana ya rataya ne ga abin da zan ba ta ta ɗora tukunya a kai.

Maigidana ne ya riga ni. Mutumin da ba ya sayen saniya sai ya buɗe bakinta ya duba haƙori, ya zagaya ta, ya ja wutsiya, shi ne ya shigo mana da murhun gas mai kai biyu, samansa baƙin gilashi, saboda ya ga yana ƙyalli. Aka ɗora shi a kan dandamalin siminti a kicin, aka ja tiyo zuwa tukunyar gas. Ya tsaya yana murmushi yana jiran a yaba. Inna ta leƙa ta ga fuskarta a cikin gilashin, ta ce Allah ya ƙara arziki, amma a ina ake girkin?

Tuƙin tuwo na farko a kansa sai da na yi gumi fiye da ita. Inna a zaune ta saba tuƙi, kan kujera 'yar tsugunne, ta tokare tukunya da ƙafa ta sa ƙarfin kafaɗa. Yanzu ga ta a tsaye, tukunyar ta kai mata ƙirji, gindin kuma ya ƙi zama, duk juyin muciya sai ta goce. Ni na riƙe kunnuwan da tsumma, ita tana tuƙi, gilashin yana ƙara a ƙarƙashi, gefen laffayarta yana lilo a kusa da wutar. Wutar kanta shuɗiya ce, da rana ba ta ganinta sosai, sai ta kai tafin hannu ta ji ko tana nan. Na yi ta cewa Inna hannunki, Inna laffayarki, har ta ce in ba zan yi shiru ba in ba ta wuri. Tuwon ya fito da gudaji, haka muka ci.

Abin da ta fi ƙi shi ne kunnawa. In aka murɗa makunnin sai ya yi ƙas, wutar ta tashi gaba ɗaya, ita kuma ta ja da baya tana salati. Ta ce wutar kirki a hankali take tashi. Don haka muka shirya ni zan kunna da safe in dafa shayi, in ɗora mata abin da za ta fara da shi, in ta gama ta kashe. Na nuna mata inda ake murɗawa ya kai ƙarshe, na sake nuna mata, ta ce ta gani, ita ba yarinya ba ce. Ina aji ina rubutu a allo amma hankalina yana kicin. Yaro ya tambaye ni abu sai in ba shi amsar wani abu daban.

Wata rana cikin zafin bazara na dawo bayan azahar. Tun a zaure warin ya tare ni. Na tsaya da jaka a hannu ina roƙon Allah ya sa daga kwata yake, amma na san warin gas ne. Na shiga tsakar gida na tarar da ƙofar kicin a rufe, yadda take rufewa saboda kaji. Inna tana zaune a bakin ƙofar, kaskon turare a gabanta da 'yan gawayi a ciki, kwalin ashana a hannunta. Tun da aka kashe murhunta babu garwashi a gidan, da ashana take tayar da wutar turare. Tsinke ɗaya ya riga ya karye yana ƙasa, ta zaro wani.

Ban taɓa yi wa mahaifiyata tsawa ba sai ranar. Ban san me na ce ba. Na dai ga ashanar a hannuna, na ja ta har gindin darbejiya, na koma na tura ƙofar kicin ina riƙe da numfashi, na murɗe kan tukunyar gas, na buɗe taga. A kan murhun na ga kwanon sha a kife. Na ɗaga shi, babu wuta a ƙarƙashi, makunnin kuma yana buɗe kaɗan.

Na zauna a ƙasa da kayan makaranta. Inna ta ce, ba tare da ta dube ni ba, ita rage wutar ta yi har ta zama 'yar ƙarama, ta rufe ta don kada iska ta kashe, in la'asar ta yi sai ta buɗe ta ɗora miya ba sai an sake wannan ƙas ɗin ba. Ta ce ta yi haka jiya da shekaranjiya da murfin tukunya, wutar ba ta mutu ba. Yau ne ta ga kwanon zai fi rufewa da kyau.

Na ce, "Inna, to warin fa? Gidan nan duk ya cika. Ba ki ji ba?"

Ta ɗan ɗaga hanci, ta dube ni. "Wane wari?"

Sai abubuwa suka fara dawo min. Miyar kuka da daddawa ta yi wa yawa. Nonon da ya wuce lokacinsa ta ce lafiyarsa ƙalau. Shinkafar da ta kama har maƙwabta suka ji, ita tana zaune kusa da tukunyar tana tsintar wake. Duk na ɗora wa tsufa da mantuwa. Wannan matar da a ruga take shaƙar iska ta ce a kwashe shanya ruwa na tafe, take gane saniya marar lafiya tun daga bakin garke. Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun wata mura mai zafi da ta yi kafin ta zo gidana, hancin ya toshe, da ya buɗe bai dawo da komai ba. Ba ta gaya wa kowa ba.

Na ce to turaren da take sawa kullum fa?

"Ku ai kuna ji," in ji ta.

Na shiga ɗaki na yi kuka, rabi don tausayi rabi don haushi, kuma har yau ban san wanne ya fi yawa ba.

Da maigidana ya ji labari ya ce a fitar da gas ɗin daga gidan, a nemo mai aiki ta riƙa girki, magana ta ƙare. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma a tsakar gida ya faɗa, da muryar da yake ciniki da ita a kasuwa. Washegari na ga Inna ta sauko da ƙoranta daga inda ta jera su, tana gogewa tana mayarwa cikin raga. Na tambaye ta me take yi, ta ce ƙura ta hau su.

Muka gwada gawayi, tunda likita bai hana shi ƙiri-ƙiri ba. Ta yi murna, ta ɗauki mafici ta duƙa a kansa tana fifita, toka ta tashi, tarin ya taso ya ƙi tsayawa har sai da na ɗauko maganin shaƙa. Risho kuma ban ma kawo shi ba. Warin kalanzir kaɗai ya isa, ga shi ba ka san abin da aka gauraya a cikin wanda ka sayo ba. Wata abokiyar aikina ta ce in sayi na lantarki. Na ce mata da kyau, sai in gaya wa Inna ta jiƙa gero ta zauna jiran ranar da za a kawo wuta.

Na koma yawon shaguna bayan an tashi daga makaranta. Ban taɓa sanin murhu yana da iri haka ba. A wani shago a Moduganari na samu mutumin da in ka ba shi dama zai sayar maka da kujerar da kake zaune a kai. Ya nuna min mai kai huɗu da wurin gasa kaza, na ce kaza ba ta cikin damuwata. Ya fito da wani faranti baƙi na lantarki, ya ce wannan ba shi da harshen wuta ko kaɗan, ko takarda ka ɗora ba za ta ƙone ba, tukunyar kaɗai yake zafafawa. Na ce shi ke nan na samu. Sai ya ƙara da cewa tukunyar dole ta zama mai shimfiɗaɗɗen gindi, kuma irin ƙarfen da maganaɗisu ke kamawa. Na tuna tukwanen Inna. Na tambaye shi ko 'yar solar da ke ba mu fitila da fanka za ta ja shi, ya ce, "Hajiya, gaskiya sai an ƙara mata ƙarfi," ya fara nuna min batura.

A unguwar Gwange na ga wanda ya dace da jikinta. Wata mai ƙosai ce take suya a kan murhun gas na baƙin ƙarfe, gajere, ƙafafunsa a ƙasa, ƙaton kasko a kai ko motsi ba ya yi. Na tsaya ina kallo har ta ɗauka layi nake bi. Na tambaye ta in iska ta kashe wutar fa? Ta ce sai ka ji wari ka rufe. Na sayi ƙosan da ban yi niyya ba na tafi.

Duk wannan lokacin ni nake girki, Inna tana karɓar kwano ta ce an gode. Wannan an gode ɗin ya fi min zagi ciwo. Ta daina gyara min gishiri, ta daina cewa na cika ruwa a talge. Da yamma takan dubi gabas ta ce hadari ya fara haɗuwa. Kawu ya yi waya ya ce suna shirin lodi. Na rasa ci, na rasa nutsuwa, na fara yi wa 'yan ajina faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Na koma wajen mutumin Moduganari, wannan karon ban bar shi ya fara ba. Na ce tambaya ɗaya gare ni: akwai wanda in wutar ta mutu zai rufe gas ɗin da kansa? Ya ce akwai, amma mutane ba sa sonsa, sai ka danna makunnin ka riƙe kafin ya kama, mata suna cewa ɓata lokaci ne. Ya jawo shi daga ƙasan kanta, kai ɗaya, farin ƙarfe, babu ado ko kaɗan. Kusa da inda wutar ke fita akwai wani ɗan tsinken ƙarfe. Ya ce shi ne yake jin zafi, in ya huce sai ya toshe hanya.

Na ce ya haɗa min in gani. Ya ce ba a haɗa sabon kaya. Na zauna a kan bencinsa na ajiye jaka na ce to zan jira. Da ya ga da gaske nake ya aika aka kawo tukunyar gas daga wajen mai shayi. Ya kunna, na durƙusa na hure wutar, na kara kunne. Yana huci, yana huci, sai na ji ƙit, hucin ya tsaya. Na sa hanci na sunsuna. Na ce ya sake kunnawa. Na hure, na kifa masa murfi, na rage shi har ya mutu da kansa. Masu wucewa suka fara tsayawa suna kallon malamar makaranta a durƙushe tana sunsunar murhu. Mai shagon ya ce, "Hajiya, wallahi gas ɗin na mutane ne." Na ce sau ɗaya ya rage.

Ban mayar da shi kicin ba. A ƙarƙashin rumfar tsakar gida na ajiye shi, a ƙasa, inda iska ke ratsawa ko da wani abu ya tsiyaya ba zai taru ba. Na so in jera duwatsun Inna a gefensa su riƙe tukunya, in ce mata ga murhunta nan bai je ko'ina ba. Na gungura su da ƙyar, na juya ta nan na juya ta can, suka ƙi. Murhun ya fi tsakaninsu faɗi, in na matsar da su kuma tukunyar ba ta kai gare su. Inna tana kallona daga tabarma. Ta ce in mayar mata da su inda na same su, kuma na tsakiyan na kifa shi ba daidai ba. A ƙarshe mai walda ne ya yi mana zoben ƙarfe mai ƙafafu da ke tsayawa a saman murhun, gindin tukunya ya zauna a ciki daram.

Yatsunta ba su iya danna makunnin su riƙe ba, sai ta sa gindin tafin hannu ta jingina nauyinta a kai. Wutar ta kama. Ta dube ta, ta rage ta, ta miƙa hannu ta ɗauko kwanon nan dai ta kifa. Muka ji ƙit. Ta ɗaga kwanon.

"Ta mutu," in ji ta.

Na ce eh, ta mutu, amma ta rufe bakinta kafin ta mutu, ba abin da zai fito.

"To gobe da me zan tashe ta?"

Na ce ta danna kawai.

Ta daɗe tana kallon wurin. Ba ta ce ya yi ba, ba ta ce bai yi ba. Ta riƙa girki a kai, a zaune, ta tokare ƙafar zoben da ƙafarta, tuwon ya dawo yadda na san shi. Amma ƙoran suna nan a ɗaure cikin raga a bayan ƙofarta. Kullum in na wuce sai na saci kallonsu, kuma na kasa tambaya don ina tsoron amsar.

Kawu ya iso da iskar ruwan farko. Ya sayar da abin da ya kawo, ya zo ya kwana a zaurenmu. Inna ta yi masa tuwon gero da miyar kuka da man shanu. Ya ci ya suɗe hannu, ya ce tuwon Addarsa dai yana nan, sai dai babu ɗan ƙanshin hayaƙin nan da ya sani. Da zan iya da na toshe masa baki da malmala. Inna ta ce haka ne. Ya ce motarsu za ta tashi da hantsi, in akwai kaya a fito da su da wuri. Ta ce akwai.

Da safe na yi shirin makaranta amma na kasa fita. Na tsaya a bakin ɗakina ina ɗaura ɗankwali ina kwancewa. Inna ta fito da laffayarta ta unguwa, ta kira Kawu, ta aika ni in kira maigidana su kama kaya. Na tafi ina jin kamar an ɗaura min bulo a ƙafa. Ina ta shirya abin da zan ce, in roƙe ta, in yi mata rantsuwa, in ce ta hura itacenta ta zauna, ko da likita zai ce na kashe ta.

Da muka dawo na ga buhu a kusurwar tsakar gida, ta riga ta gungura duwatsun ciki ita kaɗai, tana haki. Ragar ƙoran ba ta wajen.

"Ka kai wa matarka," ta ce wa Kawu. "Ba sa fashewa. Mai faɗin nan shi ke baya, ta sa gefensa mai santsi ya dubi wuta. Kada ta bari yara su riƙa fasa ƙwara a kansu."

Kawu ya dubi buhun ya dube ta. "Ke fa, Adda?"

"Ni na jiƙa gero," in ji ta.

Suka ɗaga buhun su biyu suna nishi. Ta bi su har zaure, abin da ba ta saba yi ba, ta tsaya tana kallo har aka sa shi a keke. Na ɗauka zan yi murna. Na yi ta neman murnar ban same ta ba, abin da na ji kawai kamar ni na ƙwace mata su. Ta dawo ta ɗauki tsintsiya ta share kusurwar, amma gurbin duwatsun ya ƙi sharuwa, uku, a lotse cikin ƙasa.

Tana cikin sharar Hajja ta yi sallama da kaskonta a hannu, don har lokacin ƙafarta ba ta daina kawo ta da hantsi ba. "Wushe, wushe," ta gaisa da Barbarci, sai idonta ya kai kusurwar ta tsaya cak. Inna ta jingine tsintsiya ta ce, "Babu wuta a gidan nan, Hajja. Zauna in kunna miki shayi." Ta jawo kujerarta gaban murhun, ta naɗe gefen laffaya ta soke a ƙugu, ta ɗora tafin hannu a kan makunnin ta danna.

Har yau in na dawo daga makaranta sai na tsaya a zaure na ja iska da hanci kafin in yi sallama. Na ɗauka ba ta sani ba. Rannan ina tsaye ina yi, sai na ji muryarta daga ciki: "Ke, na kashe. Shigo ki sunsuna min miyar nan, ki gaya min ko ta kama."